Waƙafin Littattafai: Jawabin Sakataren Gidauniya a Taron Shekara



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya raya mu har muka ga wannan kaka, ya kuma tara mu a nan cikin ƙoshin lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Iyayenmu sarakuna da malamai, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Limamai da shugabannin kwamitocin masallatai da suka taso daga Funtuwa, Malumfashi, Bakori, Ɗanja, Ɗandume, Ƙafur, Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara, iyayenmu mata, manoma da 'yan kasuwa da ma'aikata masu tallafa wa wannan gidauniya, muna yi muku barka da zuwa, sannunku da hanya.

Ma'aji ya riga ya karanta mana abin da ya shigo da abin da ya fita, kuma lissafin yana hannunku a rubuce. Mu namu jawabin zai tsaya ne a kan layi guda da ke can ƙarshen rahoton, wanda mai karatu zai iya wuce shi bai lura ba, wato batun littattafai.

A daminar bara magadan wani malami, Allah ya jiƙansa, suka aiko mana daga wani ƙauye tsakanin Bakori da Malumfashi, cewa mu zo mu ga littattafan da mahaifinsu ya bari. Tun ranar da aka kai shi makwancinsa ɗakin karatunsa yake a kulle. Da aka buɗe, warin laima ne ya fara tarye mu. Rufin soron ya yi yoyo, gara ta hau bango ta shiga akwatuna da gafakoki. Muka ɗauki mujalladin tafsiri, bangonsa lafiya lau, amma cikinsa ya zama ƙasa. Akwai wata Risala rubutun hannu, wadda kakansu ya yi wa bayani da ajami a gefen shafuka. Rabinta kaɗai muka tsamo. Babban ɗan marigayin, dattijo mai furfura, ya tsaya a bakin ƙofa yana share hawaye. Ya ce mana ba sakaci ya sa suka kulle ɗakin ba, kunyar taɓa kayan Malam suke ji, kuma cikinsu babu wanda ya bi hanyar karatu. A wannan ƙauyen kuwa akwai makarantar Islamiyya, inda muka ga ɗalibai sun yi da'ira suna leƙa Iziyya guda ɗaya.

Kusan kowa a cikinku ya san gida irin wannan. Akwai na malaman zaure, akwai na tsofaffin malaman makaranta da alƙalai da malaman gona da suka yi ritaya, akwai kuma kwalayen littattafan sakandare da 'ya'yanmu suka gama da su, suna ƙarƙashin gado har ranar da za su ƙare a hannun mai ƙosai ko mai gyaɗa. Ƙasar da ta san yadda ake gyara rumbu don kada gara ta ci masara bai kamata ta bar littafi a ƙasa ba.

Tambayar farko da masu bayarwa suka yi mana ita ce ko za a iya yin wannan aiki da kuɗin zakka. Amsarmu ita ce a'a. Allah ya ƙayyade wa zakka gurabe takwas a cikin Suratut Tauba, kuma mafi yawan malamai, har da na mazhabar Malikiyya da muke bi, sun tafi a kan cewa ba a gina masallaci ko makaranta da ita. Idan ɗalibi matalauci ne, ana ba shi zakka saboda talaucinsa, ya sayi littafi ya zama mallakarsa. Amma kanta da ɗaki da littafin da jama'a za su yi tarayya a kansa, hanyarsu ita ce sadaka da waƙafi. Saboda haka asusun littattafai daban yake da asusun zakka, kuma ba mu taɓa haɗa su ba.

Waƙafi, wanda iyayenmu ke kira hubusi, shi ne a tsare asalin abu, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado, amfaninsa kuma ya riƙa gudana ga waɗanda aka ambata. Tushensa sananne ne a gonar da Sayyidina Umar ya samu a Haibara, da rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya wa mutanen Madina. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira ya lissafa sadaka mai gudana da ilimi mai amfani cikin ayyukan da ladansu ba ya yankewa da mutuwa, littafin waƙafi kuwa ya haɗa biyun. Malikiyya sun sauƙaƙa wannan babi ƙwarai: sun halatta waƙafin abin da ake iya ɗauka, kamar littafi da dabba, sun kuma halatta waƙafi na ƙayyadadden lokaci. Mutum yana iya cewa ya yi waƙafin littattafansa shekara 10, bayan nan su koma gare shi ko ga magadansa.

Sai dai akwai sharuɗɗa uku da muke roƙon kwamitoci su riƙe da kyau. Na farko, mutum ba ya yin waƙafin abin da ba nasa ba. Littattafan mamaci dukiyar gado ce kamar gona da shanu. Babban wa ba shi da ikon kwashe su ya kawo mana sai da yardar kowane magaji, mace da namiji. Idan akwai maraya, a yi wa littattafan kuɗi a fitar masa da rabonsa. Mun mayar da kwalaye a bana saboda wannan dalili, masu su kuma ba su ji daɗi ba, amma gara ɓacin ransu da cin haƙƙin maraya. Inda magada suka zaɓi raba littattafan, muna roƙo kada a tsinka littafi mai mujalladai da yawa, wannan ya ɗauki na farko, wancan ya tafi da na uku. A bar shi ga mutum ɗaya, a daidaita wa sauran da wani abu.

Na biyu shi ne miƙawa. A fiƙihun Malikiyya, wanda ya furta waƙafi amma abin bai bar hannunsa ba har ya mutu, waƙafin ya ɓaci, abin ya koma gado. An yi wa littafi rangwame: idan yana fita ana karantawa yana dawowa gare shi, waƙafin ya inganta. Abin da mutum ya bayar cikin cutar ajali kuwa hukuncin wasiyya yake ɗauka, ba ya wuce sulusi. Don haka, iyayenmu malamai, Allah ya gafarta muku, wanda yake da niyya ya rubuta tun yana da lafiya, ya sa shaidu, ya buɗe ƙofa ɗalibai su fara ara.

Na uku, abin waƙafi mai ɗaukuwa da ya daina amfani, Muhtasar na Shehu Halilu ya ba da damar a sayar da shi a sa kuɗin cikin irinsa. Wannan ne ya ba mu ikon sabunta littafin da ya tsufa ko ya lalace, muddin kwamiti ya zauna ya rubuta abin da ya yi.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a tarihinmu. A shekarar 1396 Ibn Khaldun, yana zaune a Alƙahira, ya aika da kwafin littafinsa na tarihi, Kitabul Ibar, waƙafi ga ɗakin karatun masallacin Ƙarawiyyin da ke Fas. A takardar waƙafin an shardanta cewa ba za a ba da aronsa ba sai ga amintacce wanda ya ajiye jingina, kuma kada aron ya wuce wata 2. Yau fiye da shekara 600 ke nan, wani sashe na wannan kwafi yana nan a Fas. Shehu Ahmad Baba na Timbuktu kuwa, da sojojin Maroko suka tafi da shi Marrakush a 1594, ya ce an wawashe masa littattafai 1,600, kuma shi ne mafi ƙarancin littattafai a danginsa. A watan Janairun 2013 masu ɗauke da makamai suka ƙone rubuce-rubucen hannu sama da 4,000 a cibiyar da ke ɗauke da sunansa. Mafi yawan taskar birnin ta tsira ne domin iyalai da ma'aikata sun riga sun kwashe ta a ɓoye zuwa Bamako. A duka waɗannan labarai, littafin da ya rayu shi ne wanda ya sami mutumin da ya ɗauki nauyinsa.

A nan gida, ƙasar Katsina ita ce ta Ɗan Marina da Ɗan Masani, ita ce ta Muhammadu Alkatsinawi masanin lissafi da ya rasu a Alƙahira a 1741. 'Yandoto, da ke kan hanyarmu ta zuwa Gusau, ta yi zamani tana tara malamai da ɗalibai. A cikin wasiƙun da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi musaya da Shehu Alkanemi na Barno, waɗanda ya kawo a Infaƙul Maisuri, akwai zargin wulaƙanta littattafai a lokacin yaƙi, Bello kuma ya tsaya ya amsa shi da muhimmanci. Shugabanni biyu suna cikin rikicin mulki, amma kowannensu yana ganin tozarta takarda laifi ne da ke zubar da mutunci. A zamanin boko kuma, daga Zariya maƙwabciyarmu Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, hukumar NORLA ta baza ƙananan littattafan Hausa a ƙauyuka a shekarun 1950 lokacin Yaƙi da Jahilci, kamfanin NNPC ya ɗora daga 1966. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya rubuta tarihin Katsina ne da taimakon irin takardun da ke gidajen malamai. Da gara ta riga shi, da wani ɓangare na tarihinmu ya tafi.

Yanzu bari mu faɗi laifinmu, don amana ba ta son ɓoye-ɓoye. Da muka fara shelar karɓar littattafai, ba mu gindaya sharaɗi ba. Cikin 'yan makonni ɗakin ajiyarmu ya cika. Da muka zauna tantancewa, sai muka tarar da tsofaffin mujallu na ƙasashen waje, littattafan koyon kwamfutocin da aka daina ƙerawa, littattafan makaranta na manhajar da aka sauya, da waɗanda shafukan farko da na ƙarshe suka ɓace. Mun kuma jibge kwalayen a ƙasa jikin bango, ruwan Agusta ya shigo ta taga ya jiƙa na ƙasa, cikinsu har da masu kyau. Amanar mutane ce ta lalace a hannunmu, muna neman afuwarsu, muna neman gafarar Allah. A nan muka gane cewa karɓar littafi tana da tsada: yana son kanta, yana son mai kula, yana son rajista. Attajirin Amurka Andrew Carnegie, wanda ya gina ɗakunan karatu 2,509 tsakanin 1883 da 1929, ba ya sakin kuɗin gini sai garin ya yi alkawarin ɗaukar nauyin tafiyar da ɗakin kowace shekara. Mun ga hikimar wannan sharaɗi bayan mun sha wuya.

Daga bana ga ma'auninmu: ka kawo littafin da za ka yarda ɗanka ya karanta. Muna neman littattafan zaure, daga Ahalari da Ishmawi da Iziyya zuwa Risala da Askari da Muhtasar, da Ajuruma da Alfiyya, da tafsiri da hadisi. Muna neman littattafan sakandare na manhajar yanzu, musamman lissafi, Turanci da kimiyya, da tambayoyin WAEC, NECO da JAMB na shekarun baya. Muna neman ƙamus, da littattafan Hausa na hira da na waƙa da na tarihi, da na ƙananan yara masu hotuna, waɗanda su ne mafi ƙaranci a abin da ake kawo mana. Kasancewarmu manoma, muna kuma neman ƙasidun da cibiyoyin IAR da NAERLS na Samaru ke bugawa kan masara, auduga, waken suya, taki da maganin ƙwari, musamman na Hausa. Littafin magani ko na doka da ya tsufa kada a kawo, domin yana iya ɓatar da mai karatu. Alƙur'anin da ya yayyage a miƙa wa liman ya san yadda za a yi da shi cikin girmamawa.

Rubutun hannu kuwa hukuncinsa daban. Ba ya shiga kantar aro. Shawararmu ga iyalai ita ce asalin ya zauna a hannunsu cikin tadarishi da akwati a wuri busasshe, a nemi masana daga Gidan Arewa da ke Kaduna ko jami'o'inmu su ɗauki hotonsa su yi masa rajista.

Wanda ya fi son kai littattafansa ɗakin karatu na gwamnati, ƙarƙashin Hukumar Ɗakunan Karatu ta Jihar Katsina, ko na wata makaranta, ya yi abu mai kyau, domin can akwai ma'aikatan da suka koyi aikin. Sai dai ya fara zuwa da jerin sunayen littattafan ya tambayi abin da suke bukata. Ya kuma fayyace a rubuce ko kyauta ce ko waƙafi, domin kyauta suna da ikon fitar da ita idan ta tsufa, waƙafi kuwa yana tafiya da sharaɗin mai shi.

Matasanmu sun ce mana wahalar kanta da gara ta ƙare, tunda katin memori ƙanƙane yana ɗauke da abin da ɗaki ba zai ɗauka ba. Akwai gaskiya a maganarsu, kuma muna maraba da littattafan na'ura. Manhajar Maktabatus Shamila tana ɗauke da dubban littattafan Larabci kyauta, tana kuma aiki ba tare da intanet ba. Project Gutenberg tun 1971 yake tara littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare. African Storybook yana da labaran yara da Hausa waɗanda aka yarda a sauke a buga. Jami'ar NOUN ta saki darussanta a intanet ga kowa. 

Amma sharaɗin mallaka yana nan. Wanda ya sayi littafi a Kindle, a mafi yawan lokuta izinin karantawa ya saya, ba shi da ikon miƙa shi ga wani ɗakin karatu. A Amurka kotu ta yanke hukunci a 2023 cewa Internet Archive ba shi da hurumin ɗaukar hoton littattafan kamfanoni yana ba da aronsu, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2024. A Nijeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tana kare littafi tsawon rayuwar marubuci da shekara 70 bayan rasuwarsa. Alhaji Abubakar Imam ya rasu a 1981, ke nan Magana Jari Ce yana cikin kariya har ƙarshen 2051, duk da yawon da yake yi a WhatsApp. Kafin dokar ƙasa ma, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disambar 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin marubuci haƙƙi ne da shari'a ke karewa. Matanin littattafan Shehu Usmanu, da Abdullahin Gwandu, da Bello, da Nana Asma'u na kowa ne, amma fassara ko sharhin da wani malami na yau ya yi musu guminsa ne. Ba za mu karɓi PDF na littafin marubuci mai haƙƙi ba sai da izininsa a rubuce. Muna kira ga marubutan yankinmu da malamai masu wallafa: wanda ya ba mu wannan izini ya yi waƙafin da ba ya tsufa. Mai hali kuma yana iya biya wa ɗakin karatu kuɗin rajistar shekara a wata taskar littattafai ta halal, tunda Malikiyya sun yarda da waƙafin amfanin abin da aka yi haya har wa'adin hayar.

Kada kuma mu manta da abin da ya same mu. A watan Satumbar 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu saboda matsalar tsaro, cikinsu har da Funtuwa, Malumfashi, Bakori, Ɗandume, Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara. Kafin nan, bayan sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, an rufe makarantu yara suka zauna a gida. A irin waɗannan ranaku, ɗalibin da karatunsa ya rataya ga data ya tsaya cik. Saboda haka duk littafin na'ura da za mu ajiye, sai wanda aka sauke shi cikin kwamfutar ɗakin, da sola mai yi mata caji, da kwafi na biyu a wani wuri. Littafin takarda kuma yana nan a matsayinsa.

Ga roƙonmu ga kwamitocin masallatai. Kafin mu kawo muku ko da littafi ɗaya, muna son ganin ɗaki mai lafiyayyen rufi, da kanta da ta ɗaga daga ƙasa ta kuma ja baya daga bango. Muna son sunan mutum ɗaya amintacce da zai riƙe makulli da rajista, a kuma yanka masa ɗan abin sabulu. Kowane littafi za a buga masa hatimin waƙafi da lamba. Aro mako 2 ne, da mai tsaya wa mai aro. A buɗe bayan la'asar da tsakanin magariba da lisha, a kuma keɓe wa mata da 'yan mata ranakunsu ko ƙofarsu, domin waƙafin da rabin al'umma ba sa iya kai wa gare shi bai cika manufarsa ba. Ɗakin kuma na duk mai neman ilimi ne a unguwar, ba a tambayar ɗariƙarsa ko ƙungiyarsa ko addininsa. Duk ƙarshen damina za mu zagayo mu ƙirga tare da ku.

Ga masu bayarwa kuma, yanzu kaka ce, motoci na ta fita da hatsi daga kasuwannin Ɗandume da Bakori. Bayan kun fitar da zakkar amfanin gona, wanda Allah ya hore wa ya ware buhu ɗaya na sadaka da sunan ɗakin karatun unguwarsa. Da shi za a biya kafinta da mai kula. Wanda yake da littattafai ya rubuto mana sunayensu tukuna, mu zo mu duba. Wanda kuma ya san wani ɗaki da ke kulle tun rasuwar mai shi, ya yi wa magada magana cikin ladabi kafin ruwan baɗi ya sauka.

Rabin Risalar nan da muka tsamo, magada sun amince an ɗauki hotonta, asalin yana hannun babban ɗan. Sauran littattafan da suka tsira, bayan kowane magaji ya sa hannu, suna makarantar Islamiyyar ƙauyen da sunan mahaifinsu a kan hatimi.

Allah ya jiƙan malamanmu da iyayenmu da suka riga mu, ya karɓi abin da kuka bayar, ya mayar muku da mafificinsa. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.